Maƙalin Shanya da Hancin Ɗiyata

Idan yarinyar ta yi barcin rana hancinta yakan yi fito. Ba mai ƙarfi ba, ɗan siriri ne, irin na iska idan ta sami huda a jikin kwanon rufi. Shekara biyar ina jin sa tsakanin azahar da la'asar, lokacin da unguwarmu ta Mafara take yin tsit, maigidana yana can shagonsa na gyaran injin ban-ruwa, ni kuma ina tsakar gida da faifan shinkafa a cinya. Da fiton ya fara sai hannuna ya tsaya a cikin shinkafar. Idan ya ɗan yanke sai in tashi in leƙa ɗaki. Idan ya dawo sai in ji kamar da ni yake magana.

Na ce yarinyar, ban faɗi sunanta ba, don ita ce ta fari. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta nuna ta damu da shi ko da hanjinta na kaɗawa. Haka na tarar, haka na yi. Wannan kunyar tana da hannu a abin da zan faɗa, amma ba ita ta yi ba. Ni na yi.

Ni 'yar Dakko ce. Hancina gajere ne mai faɗi, irin na gidan babana. Tun muna zuwa ɗibar ruwa 'yan mata suke ce mini wai ranar da ake rabon hanci na makara, sai ƙanzo na tarar. Nakan yi dariya tare da su, in na koma gida in matse shi da yatsu a gaban madubin Inna. Maigidana kuwa mutumin Tsibiri ne, kakarsu Bafulatana ce, duk gidansu hancinsu a tsaye yake kamar an feƙe shi. Shi ban taɓa jin ya yi maganar nawa ba. 'Yan'uwansa mata ne suka yi, ranar da aka kai ni, suna zaton lulluɓi yana toshe kunne.

Da cikina ya tsufa aka mayar da ni gida haihuwa. Wadda ta karɓi haihuwar wata tsohuwa ce da duk gari ke kira Kaka, ungozomar da ta yanke cibiyata da ta ƙannena duka. 'Yar ƙarama ce, hannunta kaushi kamar bayan kwarya, amma da ta ɗauki jariri sai ya yi shiru. Safe da yamma take zuwa wankan jaririyar. Ta gasa cibiya da tsumma mai ɗumi, ta shafe jiki da man kaɗanya, ta miƙar da hannu da ƙafa, daga ƙarshe ta sa yatsu biyu ta ja hancin a hankali sau uku tana cewa, "Miƙe, miƙe, kada ki yi na uwarki." Wasa ne, kowa ya sani. Jan da ko barcin jaririyar ba ya katsewa.

Kwana uku da haihuwa surukata ta zo barka daga Tsibiri da wasu mata. Ta karɓi jaririyar, ta kai ta bakin ƙofa wajen haske, ta daɗe tana dubawa. Ta ce goshin nasu ne, yatsun ma nasu ne, hancin ne dai aka sayo musu a kasuwar Dakko. Mata suka kwashe da dariya, har da Inna. Sannan ta ce a ci gaba da yi mata kiwo, ranar da aka yaye ta za ta zo ta ɗauki abarta, tunda ɗan fari na kaka ne. Ina kan gadon jego, fuskata a bango kamar ba da ni ake ba, don haka ake so mai jegon fari ta yi. Amma duka biyun sun shiga, maganar hancin da maganar ɗaukar.

Ranar suna wata ɗiyar kawuna ta zauna kusa da ni tana nuna mini abubuwa a wayarta. A ciki na ga wasu 'yan mata na wata ƙasa suna maƙala wani abin roba a hanci, wai idan ana yi kullum yana tsukewa ya yi tsawo. Ita dariya take yi. Ni ban yi ba. Na ce a raina, idan na manya da ya riga ya ƙeƙashe yana jin matsa, ina ga na jaririya da yake kamar ɗanyen ƙulli? Na ce Kaka tana ja sau uku ne kawai, don ba ɗiyarta ba ce.

Akwai lokacin da ake barina ni kaɗai da ita, da hantsi, bayan na fito wankan jego na sha kunun kanwa, Inna ta koma wajen tukwane. A igiyar tsakar gida akwai maƙalan shanya na roba. Na ɗauki wani shuɗi, na naɗe bakinsa da audugar cibiya don kada ya ji mata ciwo, kamar audugar za ta hana. Ranar farko na maƙala mata na karanta ƙulhuwallahu ƙafa uku na cire. Ta yi kuka, na ba ta nono ta yi shiru. Kashegari ƙafa bakwai. Da na cire sai in ga hancin ya tsaya siriri na ɗan lokaci kafin ya koma, sai in ce to, yana ji. Har kyau nake ganin ta yi. A wannan ɗan lokacin ne kaɗai nake samun in kalle ta son raina ba mai gani, kuma abin da na yi da shi ke nan.

A rana ta tara ko ta goma da farawa, na manta, ta gaji da kuka ta yi barci da abin a hancinta, bakinta a buɗe. Ɗumin gadon da nauyin kunun suka ɗauke ni ni ma. Kiran sallar azahar ne ya tashe ni. Audugar ta zame. Hancin ya yi baƙi-baƙi, ga shatin haƙoran maƙalin a kowane gefe, layi uku-uku. Na shafa man kaɗanya, na tura maƙalin ƙarƙashin katifa, na ja zane na rufe mata rabin fuska.

Daga ranar ta kasa kama nono sosai. Ta kama, ta ja sau biyu, ta saki tana haki. Ni na fara gani, ni na san dalili, kuma ni ce ba ni da bakin faɗa. Mai jegon fari ba ta cewa ku zo ku duba mini ɗiya, sai a ce ba ta da kunya, ta zubar da mutuncin gidansu. Na ɓuya a bayan wannan. Inna ta ce mura ce, jarirai suna yi. Da yamma Kaka ta zo wanka, ta kai hannu wajen hancin kamar kullum, sai ta tsaya. Ta juya fuskar jaririyar wajen haske. Ta duba wannan gefe, ta duba wancan. Sannan ta ɗago ta dube ni. Ban san tsawon lokacin ba, amma har yanzu ban gama fita daga wannan kallon ba. Ba ta ja hancin ba ranar, ba ta kuma sake ja ba. Ta ce wa Inna wagga ba mura ba ce, a kai ta asibiti.

Ba a kai ta ba sai bayan kwana huɗu. Sai da aka gwada hayaƙi, sai da aka jira babana ya dawo daga wani ƙauye, sai da aka aika wa maigidana. A duk kwanakin nan da na buɗe baki sau ɗaya na ce ga abin da ya faru, da an tashi mota a ranar. Lokacin da muka isa asibitin Mafara jikinta ya yi zafi kamar garwashi, cikin hancin ya kumbura ya toshe ƙofofin biyu. Suka tsaga suka fitar da mugunya. Malamar asibiti ta tambaya ko an matsa hancin ko an buge shi. Inna, da zuciya ɗaya, ta ce ba abin da aka yi masa sai jan da ungozoma take yi wajen wanka. Surukata tana tsaye a wurin. Ni ina zaune a bakin gado ina kallon ƙafafuna.

Surukata ba ta koma Tsibiri ba sai da ta bi ta Dakko. Ta tsaya a ƙofar gidan Kaka ta faɗi abin da ta faɗa, maƙwabta suna ji. An ce amsar Kaka kawai ita ce Allah ya ba jinjirar lafiya. Daga nan mata suka fara janyewa. Wannan ta ce hannunta ya yi nauyi, waccan ta ce idonta ya daina gani. Kafin shekara ta zagayo ba mai kiran ta haihuwa. Da kason naman suna, da sabulu, da kwanon hatsin da ake ba ta, da su take rayuwa. Ta koma soya gyaɗa tana sayarwa a ƙofar gida.

Yarinyar ta warke, amma hancin bai tsaya ba. A hankali ya riƙa lotsawa daga tsakiya, kamar rufin soron da gara ta ci azararsa. Wata shida, karan hancin ya kwanta. Shekara ɗaya, tsinin ya ɗaga sama, ƙofofin suka tsuke, fiton ya fara. Da lokacin yaye ya zo surukata ta ce a bar ta a Mafara kusa da asibiti, ba za ta ɗauki yarinyar da numfashinta ke wahala ta kai ta ƙauye ba. Na yi godiya har ƙasa. Na san abin da ya bar mini ita a ɗakina. Ƙaryar da ta raba Kaka da abincinta ita ce ta bar mini ɗiyata, kuma na san ranar da surukata ta ji gaskiya, ranar za ta zo ta ɗauke ta. Don haka na yi shiru, na kuma ci gaba da yin shirun kowace safiya.

A gidana ba maƙalin shanya. Wankina a kan katanga nake shanya shi, ko in ɗaure gefen zane a igiya. Maƙwabciyata, matar wani ma'aikaci 'yar kudu, ta taɓa kawo mini dozin guda don ta ga iska tana zubar mini da kaya. Na karɓa na yi godiya, da ta fita na zuba su a masai.

Da yarinyar ta shiga Islamiyya yara suka sa mata suna. Ba zan rubuta shi ba. Takan dawo ta ɗauki murfin tukunya ta duba fuskarta a bayansa, ta juya gefe, ta sa yatsa a inda ya lotsa. Irin tsayuwar da nake yi a gaban madubin Inna, sak. Wata rana ta tambayi babanta wa ya taka mata hanci. Ya ce ba taka shi aka yi ba, wata tsohuwa ce ta ja shi da ƙarfi tana jaririya, amma ƙaddara ce, a yi haƙuri. Ina murhu ina jin su. Na ƙara itace a wutar da ba ta buƙata.

Sallar da yarinyar ta cika shekara shida muka je Dakko. Kullum nakan zagaya ta bayan masallaci don kada in bi ta ƙofar Kaka, amma ranar an yi ruwa, hanyar ta cika da taɓo. Tana zaune a kan buzu da farantin gyaɗarta, ta ƙara ƙanƙancewa. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi maigidan, ta tambayi mutanen Tsibiri ɗaya bayan ɗaya, har da surukata. Sannan ta ƙulla gyaɗa ta miƙa wa yarinyar ta ce, "Zo, ƙawata, karɓi goron sallarki."

Yarinyar ta ɓuya a bayan hijabina ta leƙo. Wani ya riga ya nuna mata ita. Ta ce, "Ba na so. Ke ce kika ɓata mini hanci."

Hannun Kaka ya tsaya a miƙe. Ba ta dube ni ba, da gangan, na ga yadda ta riƙe idonta a kan yarinyar. Ta ce, "To Allah shi ba ki haƙuri, ƙawata." Ta mayar da ƙullin cikin faranti ta gyara masa zama. Na ja yarinyar muka wuce. Ban ko tsawata mata ba, don ban san da wane baki zan yi ba.

Bayan wannan sallar numfashinta ya ƙara nauyi, aka ba mu takarda zuwa babban asibiti a Sakkwato wajen masu gyaran fuska. Mun daɗe a benci muna jira. Kusa da ni akwai wata Hajiya da ta girme ni, mai ƙamshin turare, da takunkumi a fuska. Yarinyar ta yi ta kallon ta, ita ma tana kallon yarinyar. Can sai ta ce, "Ke da ni ƙungiyarmu ɗaya, 'yar ƙanwata." Ta ja takunkumin ƙasa.

Ban taɓa ganin hanci irinsa ba. Tsinin ya naɗe sama har ana hango ciki, gefe ɗaya ya manne, fatar tana ƙyalli kamar tabon ƙuna. Ta ce lafiyarta lau da, ba abin da ya sami hancinta sai faɗi, kuma faɗin ne ya hana ta sakat. Ta hau jirgi ta je wata ƙasa aka sa mata roba a ciki don ya tashi. Ya tashi kuwa, shekara biyu tana ɗaukar hoto ta gefe. Daga nan robar ta fara ruwa. Ta koma aka canza wata, ita ma ta yi ruwa, aka cire gaba ɗaya, fatar ta tattare ta koma haka. Yanzu an ce ta jira shekara guda wurin ya yi laushi, sannan a ciro guringuntsi daga haƙarƙarinta a gina mata, kuma an gaya mata kada ta sa rai da na farko, wanda ta raina. Ta ce da ta san tana son shi da ta ɗauki hotonsa da kyau.

Yarinyar ta ce, "Ni wata tsohuwa ce ta yi mini."

Hajiyar ta yi dariya ta cikin hancin da ba ya fitar da dariya sosai. Ta ce, "To ke kin huta, kina da wadda za ki ji haushi. Ni in na duba madubi mai laifin ce take kallona." Ta mayar da takunkuminta. Aka kira lambarmu.

Likitan dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya gaggawa. Ya haska cikin hancin, ya danna nan ya danna can, ya duba hoton da aka ɗauka, sannan ya sa malamar asibiti ta fita da yarinyar a gwada nauyinta. Ya ɗauki biro ya zana mana a bayan kati. Ya ce a tsakiyar hanci akwai bangon guringuntsi, shi ne ginshiƙi. Idan jini ya taru a kansa ya zama mugunya sai ya narke, idan ya narke rufin ya faɗo. Gyara yana yiwuwa. Babban aikin sai fuskarta ta gama girma, wajen shekara goma sha shida ko sama, don idan an gina yanzu fuskar za ta girma ta bar ginin a baya. Da guringuntsin haƙarƙarinta za a yi, na bayan kunne ya yi kaɗan, faci kawai yake yi. Roba ba zai sa mata ba, allurar cika wuri ma ba tata ba ce. Idan numfashin ya ƙara matsewa kafin lokacin, za a iya ƙaramin aiki a buɗe hanya, ko da za a sake daga baya. Ya ce zai yi kyau fiye da yanzu, amma ba zai zama kamar ba a taɓa shi ba.

Sai ya ajiye biron ya ce akwai abin da bai zauna masa ba. Maigidana ya riga ya gaya masa labarin ungozoma. Ya ce jan da tsofaffi ke yi wajen wanka ya sha gani, da wuya ya yi wannan ɓarna. Wannan sai matsa mai ƙarfi da ta daɗe, ko bugu. Idan ba a yi ko ɗaya ba, to dole ya nemi wata cuta a jini mai cin guringuntsi, a gwada yarinyar, a gwada mu iyayen, don ba ya gini a kan abin da ke ci gaba da cinyewa.

Maigidana ya ce a gwada, ba komai. Ya fara naɗe hannun riga kamar a nan take za a ɗiba. Wannan naɗe hannun rigar ne ban iya ɗauka ba.

Na ce, "Likita, ba ita ba ce. Ni ce. Maƙalin shanya na sa wa ɗiyata, na yi barci."

Ban taɓa cewa ɗiyata a gaban babanta ba sai ranar. Likitan bai ɗaga murya ba. Ya tambayi kwana nawa, tsawon wane lokaci, shekaruna nawa a lokacin, ya rubuta. Ya ce to wannan ya sauƙaƙa masa aiki, abin da ya ci ginshiƙin ya ci ya wuce, ba ya nan yana jira. Ya ba mu ranar dawowa bayan wata shida. Maigidana ya warware hannun rigarsa ya saka maɓalli, a hankali, kamar shi ne aikin da ya kawo shi.

Muka hau motar komawa gida. Da muka kusa mararrabar Bakura maigidana ya ce wa direba akwai sauka. Ya tsayar da masu babur biyu ya ce Dakko. A nan ne ya dube ni karo na farko ya ce shi ba shi ne na fara cuta ba, in je in fara da wadda na fara da ita. Na ce idan na yi, labari zai kai Tsibiri kafin mu koma gida. Ya ce ya sani.

Kaka tana inda na bar ta. Ban shiga ciki ba, a ƙofar na durƙusa, wurin da surukata ta tsaya ta ci mata mutunci, don maƙwabtan da suka ji wancan su ji wannan. Na faɗa duka, da shuɗin maƙalin, da audugar, da barcin. Yarinyar tana tsaye riƙe da hannun babanta. Mata suka fara leƙowa ta kan danga.

Kaka ta ce, "Ai na gani tun ranar. Layi ukku nan, layi ukku nan. Yatsa ba ya da haƙori."

Na ce to don me ba ta faɗa ba.

Ta ce, "In faɗa a ƙwace miki ita tana shan nono? Ni na ci zamanina, ke ko arba'in ba ki yi ba." Sannan ta ce, "Amma ban zaci za ki kai shekara shida ba, ɗiyar nan. Na zaci da kin yaye ta za ki zo."

Ta ce ta yafe. Na yarda ta yafe, amma wannan maganar ta ƙarshe ta fi mini zagin duniya.

Muka kama hanyar gidan Inna, yarinyar tana riƙe da gefen hijabina. Ta sa yatsa a inda ya lotsa, ta ce, "Na yi kuka?"

Na ce, "Kin yi."

Ta ce, "Sai kika cire?"

Na ce, "Ban cire ba."

Ta saki gefen hijabina da take riƙe da shi ta koma wajen babanta.

Bayan kwana uku surukata ta zo. An ce sai da ta fara zuwa Dakko da turmin atamfa da kwanon gero, ta durƙusa wa Kaka, ita da ba ta durƙusa wa kowa. Sannan ta zo Mafara. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi jin sauƙi. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta sha ruwa, ta ce a haɗa kayan yarinyar, haƙƙinta da ta bari shekara huɗu ta zo karɓa. Maigidana ya ce mini in bari ta tafi da ita har zuciyar kowa ta huce, ba a san abin da gaba za ta yi ba. Ni na ninke kayan da hannuna, na sa allonta da murfin tukunyar da take duba fuska a ciki. Da za su fita na tsaya a bayan ƙofa, kamar yadda uwar ɗan fari take yi.

Na ji an sake kiran Kaka haihuwa sau biyu a damina. An ce hannunta yana rawa yanzu, wata ce take yanke cibiya, ita wanka kawai take yi, kuma ba ta taɓa hanci.

Hanyar Tsibiri ba kullum take da lafiya ba, ba a barina in je yadda nake so. Gidan yana yin tsit tsakanin azahar da la'asar. Hannuna har yanzu yana tsayawa a cikin shinkafa a daidai lokacin, yana jiran abin da ba ya zuwa. Akwai wata huda a kwanon rufin ɗakin girki, idan iska ta taso daga gabas takan yi irin fiton. Na san kwano ne. Duk da haka sai na tashi na leƙa ɗaki.

Ranar komawa asibiti babanta ya ɗauko ta, aka ce in bi su don ni na san tarihin. Ta ƙara tsawo. Ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙuwa, ta zauna a tsakiyarmu a kujerar baya, jikinta a karkace wajen babanta. Likita ya ce hanyar numfashin ba ta ƙara tsukewa ba, a ci gaba da jira, saura shekara tara ko goma. A dawowa rana ta yi zafi, motar tana jijjiga, barci ya ɗauke ta. Kanta ya yi ta lilo, ya yi wajen babanta ya dawo, daga ƙarshe ya sauka a kan damtsena. Fiton ya fara, daidai kunnena. Hannuna ya mutu tun kafin Tureta, ban motsa shi ba har muka shiga Mafara.